Mai Bi da Motar Tsere: Ya Saya ko Ya Bari?

Kafin a shiga wannan darasi, bari mai jagora ya sa a karanta Luka 14:28-30, da 2 Sama'ila 15:1-6, da Kubawar Shari'a 22:8, a hankali, domin kowa ya ji.

Ga tambayar da ke gabanmu. A ce akwai wani ɗan'uwa cikin ikilisiya wanda Allah ya sa albarka ga aikin hannunsa, ya tara kuɗi ta hanyar gaskiya. Sai dillali ya kawo masa labarin wata motar tsere wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu kaɗai a hannun mai ita na fari. Ba ta yi tafiya mai yawa ba, fentinta yana ƙyalli, kuɗinta kuwa bai kai na sabuwa ba. Ran ɗan'uwan nan ya biya. To, ya saya, ko kuwa ya bari?

Wataƙila wani zai ce, "Ina ruwanmu da wannan? Yawancinmu ko babur ma sai da ƙyar." Gaskiya ne. Amma zuciyar da ta ke marmarin motar tsere ita ce dai ta ke marmarin sabuwar waya, da leshi mai tsada, da gidan da ya fi na maƙwabci tsawo. Motar ta girmama al'amarin ne kawai, har mu iya ganinsa sosai. Saboda haka darasin nan namu ne duka.

Wace irin mota ce?

Bari mu ɗauki misali ɗaya sananne, watau Porsche 911, wadda a ke ƙerawa a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. An fara nuna ta ga jama'a a shekarar 1963, har yanzu kuwa ana yin ta. Injinta a baya ya ke. Mutum biyu ta ke ɗauka da sakewa, gama kujerun baya ƙanana ne ƙwarai. Cikinta kusa da ƙasa ya ke, tsakaninsa da titi bai kai taƙi guda ba. Irin na zamanin nan, daga tsaye ta kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin wajen sakan huɗu, iyakar gudunta kuma ya wuce kilomita 290 a awa. A shekarar 2024 kuɗin sabuwarta mafi araha a Amurka ya haura dala 100,000.

Masu wayo sun lura, mota ta fi saurin faɗuwar daraja cikin shekarunta na fari. Don haka su kan bar wani ya sayi sabuwa ya ɗauki hasarar, su kuwa su saya daga hannunsa. Wannan dabara ce mai kyau, ba mu kushe ta ba. Amma a nan ne tarko na fari ya ke. Mutum ya kan ce wa kansa, "Ai na yi tanadi, tun da ban sayi sabuwa ba." Samun ragi ya amsa tambaya ɗaya ce kaɗai, watau nawa za a biya. Bai taɓa babbar tambayar ba, watau ko ya kamata a saya. Wanda ya sami ragin kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ba ya bukata, ai ya ɓad da sauran kashi huɗun.

Abu mai kyau ba zunubi ba ne

Lalle ne mu fara da gaskiya, kada mu ɗora wa mutane kayan da Ubangiji bai ɗora musu ba. Babu ayar da ta hana mai bi mallakar abin hawa mai tsada. Ibrahim mai arziki ne, haka kuma Ayuba. Fir'auna ya hawar da Yusufu a kan karusarsa ta biyu (Farawa 41:43), ba a kuwa ga laifin Yusufu ba. Bulus Manzo ya koya wa Timoti cewa Allah ne ya ke ba mu abubuwa a yalwace domin mu ji daɗinsu (1 Timoti 6:17). Hikimar da maƙeran Jamus su ka zuba cikin injin nan, daga wurin Mahalicci ta fito, kamar yadda hikimar masaƙi da ta magini ta fito. Mutum ya ga aiki mai kyau ya yi murna da shi, wannan ba laifi ba ne.

Sai mu yi hankali kuma da bakinmu. Sa'ad da Maryamu ta zuba wa Yesu man ƙanshi mai tsada, Yahuza Iskariyoti ne ya tashi da lissafi, yana cewa da an sayar da shi dinari 300 an ba matalauta. Yahaya ya bayyana mana cewa ba tausayin matalauta ne ya motsa shi ba (Yahaya 12:3-6). Sau da yawa abin da mu ke kira kishin gaskiya, hassada ce ta yafa mayafin ibada. Doka ta goma, wadda ta hana ƙyashin abin maƙwabci, ta shafi wanda ke tsaye bakin titi yana kallo kamar yadda ta shafi wanda ke cikin motar.

Amma Bulus ɗin nan ya gaya wa Korantiyawa cewa abu ya kan zama halal, duk da haka ba shi da amfani, ba ya kuma gina kowa (1 Korantiyawa 10:23). Saboda haka ba za mu tsaya a kan "ba a hana ba." Akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba ɗan'uwan nan ya amsa a gaban Allah.

Ta fari: ya zauna ya yi lissafi?

Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙidaya abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa, masu wucewa su yi masa dariya. Kakanninmu masu dawaki sun san wannan sarai. Sun sani sayen doki rana ɗaya ne, amma harawa da dawa da kanwa da ladan mai kula da barga, kullum ne.

Haka motar tsere ta ke. Idan daga ƙetare za a kawo ta, akwai kuɗin jirgi da na kwastan a tashar Apapa ko Tin Can. Akwai inshora kowace shekara. Tayoyinta masu faɗi ne, masu taushin roba domin su kama titi, don haka su kan cinye da wuri, ba a kuwa samunsu a kowane shago. Tana son fetur mai inganci ƙwarai, ga shi kuma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da a ka janye tallafin mai a Nijeriya, kuɗin fetur ya ninka. Makanikin da ya san cikinta ba shi da yawa. Ramin da tsohuwar Peugeot za ta tsallake ba ta ko ji ba, ita zai iya fasa mata ciki.

Idan kuwa da bashi za a saya, sai a tuna da gargaɗin Misalai 22:7, cewa mai cin bashi ya zama bawan wanda ya ba shi. Mutanenmu su kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Mutumin da ya ke tuƙa motar miliyoyi, alhali kuwa kuɗin makarantar 'ya'yansa yana jira, matarsa tana cin bashin gari a kanti, wannan bai yi lissafi ba, ko da ya sami ragi mai yawa.

Ta biyu: akwai gaskiya cikin cinikin?

Mai sayen mota ta hannu ya kamata ya tambayi kansa, me ya sa mai ita ya rabu da ita da wuri haka? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a kan wannan, an kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Ga abin da ya nuna. Mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye yana tsoron a cuce shi, ba ya yarda ya biya cikakken kuɗin mota mai lafiya. Ganin haka, masu motoci na kirki su kan janye nasu daga kasuwa, a bar masu aibi. Watau ƙaryar mutum ɗaya ta kan ɓata kasuwa ga masu gaskiya duka.

Motar tsere ta fi sauran motoci wannan haɗari, gama wanda ya saye ta da fari, domin gudu ya saye ta. Tana iya yin tafiya kaɗan amma ta sha wuya mai yawa. Waɗansu motocin da a ke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, sun taɓa yin karo ko ambaliya ta cinye su a ƙasarsu, a ka gyara su a ka shafe da fenti. A kan kuma mai da agogon tafiya baya. Mai hankali ba ya cinikin biri a sama. Kowace mota ta zamani tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, wadda a ke iya bin tarihinta da ita. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da a ka yi ta: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kwamfutar injin Porsche kuma ta kan ajiye labarin lokatan da a ka matsa wa injin fiye da kima, makaniki mai na'ura yana iya karantawa.

Amma fa gaskiyar nan fuska biyu gare ta. Misalai 20:14 ya zana mana mai saye da ya ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya tafi da su sai ya shiga fariya. Idan ɗan'uwa ya ga mai motar yana cikin matsi, ya yi ta ƙirƙiro mata aibi don ya karya kuɗinta, shi ma ya yi cuta. Ran da kuma shi zai sayar, wajibi ne ya faɗi abin da ya sani game da ita, ko da faɗin zai rage masa riba.

Ta uku: jinin wa ke kan hanya?

Wannan ita ce mafi nauyi. Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya ja katanga kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Ta kuma ce idan an san sā yana tunkuyi, an gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, to, mai sān zai amsa (Fitowa 21:29). Ma'anar a fili ta ke: abin da mutum ya mallaka, in yana iya kashe wani, Allah yana neman mai shi ya yi tsaro tun kafin ɓarna ta auku.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙaramar mota iyakar kilomita 100 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ashe motar da ke iya 290, kusan kashi biyu cikin uku na gudunta doka ba ta yarda a taɓa shi ba. A Jamus akwai sassan manyan tituna da ba a sa musu iyakar gudu ba, akwai kuma filayen tsere da a ka killace. A nan kuwa hanya ta kowa ce: ga mai talla, ga ɗan acaba, ga yaran makaranta, ga tirela da ta lalace an jera ganye a bayanta.

Mota mai gudun 100 tana cin wajen mita 28 cikin sakan ɗaya. Mai gudun 200 tana cin 56. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai ga birki, sakan ɗaya ya wuce. Bayan wannan kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya kan ninka huɗu. Gaskiya ne birkin motar tsere ya fi na sauran motoci kyau, amma ba ya soke wannan ka'ida da Mahalicci ya kafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya.

Ran 30 ga Nuwamba, 2013, ɗan wasan fim na Amurka, Paul Walker, ya mutu tare da abokinsa wanda ke tuƙi, cikin wata Porsche Carrera GT ƙirar 2005, a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ce motar tana gudun mil 80 zuwa 93 a awa a wurin da doka ta ce 45, tayoyinta kuma sun yi shekara tara. Roba ta kan tsufa ko mota tana ajiye a gareji. Abin da ido ya ke gani kamar sabo, ba lalle ne ya zama sabo ba.

Wani zai ce, "Ni zan riƙa tuƙi a hankali." Madalla. Amma me ya sa za ka biya kuɗin gudun da ka yi alkawari ba za ka yi ba? Muna roƙon Uba kullum kada ya kai mu cikin jaraba. Bai dace mu tashi daga addu'ar nan mu je mu sayi jarabar da kuɗinmu, mu ajiye ta ƙarƙashin ƙafarmu ta dama ba. Mai tsaro a kan hasumiyar Yezreyel ya gane Yehu tun daga nesa ta wurin haukan tuƙinsa (2 Sarakuna 9:20). Kada a gane mai bin Kristi da irin wannan alama.

Ta huɗu: domin idon wa?

Absalom ɗan Dauda ya samo wa kansa karusa da dawaki, da mutum hamsin masu gudu a gabansa. Ba yaƙi za shi ba, ba kuwa tafiya mai nisa ba. Bakin ƙofar birni ya ke zuwa ya tsaya, inda jama'a za su gan shi, da haka ya sace zukatan mutanen Isra'ila. Karusar wa'azi ce ya ke yi a kan girman kansa. Ƙarshensa kuwa, a kan alfadari ya ke sa'ad da kansa ya sarƙe cikin rassan itace (2 Sama'ila 18:9). A shekarar 1899 wani masani Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya bayyana yadda masu dukiya su kan sayi abu domin tsadarsa ta zama shaida a idon jama'a. Littafi Mai Tsarki ya riga shi ganin wannan da shekaru dubbai.

Mu dubi Sulemanu kuma. Shari'a ta gargaɗi sarki kada ya tara wa kansa dawaki (Kubawar Shari'a 17:16). Duk da haka ya tara karusa 1,400, ana sayo kowace ɗaya daga Masar a kan shekel 600 na azurfa, doki kuwa 150 (1 Sarakuna 10:26-29). Wa ya biya? Bayan mutuwarsa jama'a su ka zo wurin ɗansa Rehobowam suna kuka da nauyin karkiyar da a ka ɗora musu, daga nan mulkin ya tsage biyu. Kowane abin ƙawa akwai wanda ya ɗauki nauyinsa. Ya kamata ɗan'uwa ya bincika, ko ya biya ma'aikatansa hakkinsu, ko iyayensa tsofaffi suna da magani, ko gwauruwar da ke bayan gidansa ta ci abinci.

Ga wani lissafi da zai taimake mu. A 2024 an tsai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan naira 70,000 a wata, a ƙarshen shekarar kuwa dala ɗaya ta kai naira 1,500 ko fiye. Dala 100,000 ke nan ta kai naira miliyan 150, watau albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara 170. Ko an sami motar a rabin kuɗi, ta cinye fiye da shekara 80 na guminsa. Ba mu kawo wannan domin mu kunyata mai arziki ba. Mun kawo shi domin a ga girman abin da a ka danƙa a hannunsa. Mu wakilai ne, dukiyar ta Ubangiji ce, wanda a ka ba shi da yawa kuwa, da yawa za a nema a wurinsa (Luka 12:48).

Akwai wata karusa dabam cikin Ayyukan Manzanni sura 8. Mai ita babban mutum ne, ma'ajin sarauniyar Habasha. Ya je sujada da ita, yana karatun annabi Ishaya a cikinta, ya kuma roƙi Filibus, matafiyi a ƙasa, ya hau ya zauna tare da shi. Karusarsa da ta Absalom wataƙila duk masu tsada ne. Bambancin yana wurin abin da kowannensu ya ke so a yi da ita.

Abin da mu ka gani

Ga ra'ayinmu, ba a matsayin doka ba. Idan mutum yana da kuɗin ba tare da bashi ba, ya sauke hakkin iyalinsa da na ma'aikatansa, hannunsa a buɗe ya ke ga matalauta da aikin Ubangiji, ya yi cinikin da gaskiya, yana kuma da killataccen wuri inda zai gwada gudun ba tare da sa ran kowa cikin haɗari ba, to, ba mu da ikon kiran sayen nan zunubi. Tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Amma sai mu faɗi gaskiya: kaɗan ne ƙwarai za su iya amsa tambayoyin nan huɗu da zuciya wankakkiya. Ga yawancin waɗanda ransu ya biya, shawararmu ita ce su bari. Mota mai ƙarfi wadda za ta ɗauki iyali, ta kai mara lafiya asibiti da dare, ta jimre wa hanyar ƙauye, ta fi dacewa da kiranmu. Kowa ya hau motar kwaɗayi, in ji masu iya magana, a tashar wulakanci zai sauka.

Ga gwaji ɗaya mai sauƙi. Bari ɗan'uwan ya jinkirta wata guda, yana addu'a, ya faɗa wa matarsa da wani dattijo mai tsoron Allah ainihin kuɗin, kada ya rage ko kwabo. Dillali zai ce wani yana nan zai ɗauke ta gobe. A bar shi ya ɗauka. Sayen da ba ya iya jimre jiran kwana talatin, ko kuwa wanda sai an ɓoye kuɗinsa ga matar gida, ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Yaƙub ya tsauta wa masu ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, su bar matalauci a tsaye (Yaƙub 2:1-4). Idan mu ne mu ke rugawa mu buɗe wa mai babbar mota ƙofa, mu ba shi kujerar gaba, mu naɗa shi shugaban kowane kwamiti, ba mu ko tambayi halinsa ba, to, mu ne mu ke koya wa samarinmu cewa daraja a gareji ta ke. Kada mu yi mamaki in sun bi ta kowace hanya don su same ta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne a rayuwarmu ya ke matsayin motar nan, wanda mu ka saya ko mu ke marmari domin idon mutane?
2. Ta yaya za mu rarrabe tsakanin gargaɗin ƙauna da maganar hassada sa'ad da ɗan'uwa ya sayi abu mai tsada?
3. Wace katanga ce ya kamata mai mota ko mai babur ya ja domin kāre ran maƙwabcinsa?
4. In za mu sayar da abin da mu ka san yana da aibi, me za mu faɗa wa mai saye?

A rufe da addu'a, ana roƙon Ubangiji ya ba masu abu hikima da buɗaɗɗen hannu, ya ba marasa abu wadar zuci, ya kuma kiyaye dukan masu bin hanya.